Kada allon zanenka na farko ya zame maka bashi

Da zarar an kawar da amfanin gona, ko kuma azumi ya ƙarato, shagunan ɗab'i na Parakou ba sa samun hutu. Ga katin ɗaurin aure, ga na suna, ga na walimar saukar Alƙur'ani, ga kalandar ƙungiyar direbobi, ga kyallen tallar sabon shago, ga sitikar da za a manna a jikin bokiti da kofin da za a raba wa 'yan biki. Haka abin yake a Djougou, ko da yake kasuwar can ba ta kai ta Parakou girma ba. Kusan duk wannan aiki daga hannun samari da 'yan mata yake fitowa, kowa da tsohuwar kwamfutarsa ta hannu da linzaminta. Wasunsu ɗaliban Jami'ar Parakou ne, wadda aka buɗe a 2001, suna neman na haya da na fotokofi. Wasu kuwa ba su yi nisa a boko ba, a shagon wani suka zauna suna kallo har hannunsu ya faɗa.

Duk wanda ya ɗan jima a wannan sana'a, akwai ranar da zai ga bidiyon wani mai zane a YouTube ko TikTok yana riƙe da alƙalami yana zana fuska a kan gilashi, layi yana fita sumul, sai zuciyarsa ta ce masa abin da ya rage masa ke nan. Daga nan tambaya ta taso: wane allon zane zan saya, kuma nawa zan tanada?

Amsata ita ce ya sayi allo marar gilashi, mai alƙalamin da ba ya cin batir, matsakaici a girma, wanda aikin wata biyu ko uku zai mayar masa da kuɗinsa. Mai gilashin ya jira tukuna. Na san wannan magana ba za ta yi wa da yawa daɗi ba, domin mai gilashin shi ne abin sha'awa, amma ina da dalilai, kuma yawancinsu daga yanayin garuruwanmu suka fito.

Akwai ma wanda bai kamata ya sayi ko ɗaya ba. Idan aikinka duka shi ne ka buɗe CorelDRAW ko Canva, ka jera sunan ango da amarya, ka zaɓi haruffa, ka ɗora hoton fure da zobe, to linzami ya ishe ka, har ya fi alƙalami daidaita abu a kan layi. Kuɗin da ke hannunka ka ƙara wa kwamfutar ƙwaƙwalwa, ko ka sauya mata batir, za ka fi ganin amfaninsu. Allon zane yana nuna kansa ne a inda ake buƙatar hannu. Dubi yaron da aka kawo wa hoton amarya an ɗauka a tsakar gida, bayanta ga igiyar shanya da randa, aka ce ya cire ta ya ɗora a kan kati. Gyalen nan mai raga ne, gefensa duk zare. Yana bin gefen da linzami, danna nan, danna can, ya yi kuskure ya koma baya, wuyan hannunsa ya ƙage, mai aiki yana tsaye a kansa yana duba agogo. Wannan aiki da alƙalami shafa ce kawai: ka sassauta hannu a wurin raga, ka danna a wurin da yadin ya yi kauri. Mai gyaran hoto, mai zanen tambari, mai rubutun hannu, mai zana littafin yara ko fitar da samfurin ɗinki, su ne masu allo.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta, kuma saninsa zai hana a cuce ka. A ƙarƙashin fuskar allon akwai saƙar siraran wayoyi da ke fitar da maganaɗisun lantarki. A cikin alƙalamin kuma akwai 'yar wayar tagulla da aka naɗe, ita ke karɓar wannan ƙarfi ta mayar wa allon da amsa: ga inda nake, ga ƙarfin da aka danna ni. Shi ya sa alƙalamin ba ya buƙatar batir ko caji, kuma tun bakinsa bai taɓa allon ba, yana sama da kamar santimita ɗaya, za ka ga kibiya tana motsi a fuskar kwamfuta. Kowane lungu na allon yana da takwaransa a fuskar kwamfutar: ka sa alƙalami a kusurwar dama ta sama, kibiya ta bayyana a can nan take. Kamfanin Wacom na Japan, wanda aka kafa a 1983, shi ya shahara da wannan fasaha, ya kuma daɗe yana cin kasuwar kusan shi kaɗai, da tsadar da ta fi ƙarfin irinmu. Daga baya kamfanonin ƙasar Sin suka shigo. Huion ya fara a birnin Shenzhen a 2011. XP-Pen, wanda asalinsa daga Japan ne a 2005, yanzu yana ƙarƙashin Hanvon Ugee na Shenzhen. Akwai Gaomon da Veikk. Shigowarsu ce ta karya farashi har ɗan Zongo ya fara tunanin mallakar nasa.

Har yanzu akan ci karo da tsofaffin samfura masu alƙalamin da ake sa wa ƙaramin batir, irin Huion 420, wanda wurin zanensa bai wuce tafin hannu ba. Suna da arha ƙwarai, amma araha ba ta ado. Alƙalamin yana da nauyi a baya, batir yana ƙarewa ana tsakiyar aiki, kuma idan ya zubo a ciki shi ke nan. Ko kyauta aka haɗa maka da jaka, ka wuce.

Yanzu ga lissafin kuɗi, wanda shi ne gaskiyar maganar. Sefa a ɗaure take da Yuro, Yuro 1 yana daidai da sefa 656 in an cike, don haka lissafin ba ya ruɗarwa. A shagunan intanet na Turai, ƙaramin allo marar gilashi yakan kama daga wajen Yuro 30 zuwa 50, matsakaici daga 50 zuwa 80. Mai gilashi na inci 12 ko 13, irin Kamvas 13 na Huion ko Artist 12 na XP-Pen, yana farawa ne daga wajen Yuro 200. Wato matsakaici na Yuro 60 ya tashi kusan sefa 39,000, mai gilashi kuwa ya haura 130,000, tun kafin a sa kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake sefa 52,000 tun daga Janairun 2023, mai gilashin ya cinye albashin wata biyu da rabi na ma'aikaci, bai ci ba bai sha ba. A ƙaddara ana biyanka sefa dubu 2 a kan kowane kati. Kati 20 sun biya maka allo marar gilashi. Mai gilashi sai ka yi fiye da 65, kuma ba zai sa mai aure ya ƙara maka ko dala a kan farashi ba, domin shi kati yake gani, bai damu da abin da aka zana shi da shi ba.

Tsadar ba ta tsaya a ranar saye ba. Allo mai gilashi fuskar kwamfuta ce ta biyu. Yana son kafar HDMI, ko kafar USB-C irin wadda ke fitar da hoto, kuma sau da yawa yana son a jona shi da wuta daban. Yawancin kwamfutocin da yaranmu ke aiki da su na hannu ne, sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin su iso tashar jiragen ruwan Kwatano. Wata ba ta da irin wannan kafa, wata tana da ita amma da an ɗora mata fuska ta biyu sai ta fara nishi. Ga ɗaukewar wuta, wadda duk mai shago ya sani. Marar gilashi daga kwamfutar yake shan ɗan abin da yake buƙata ta kebul guda, don haka ko an ɗauke wuta, muddin batirin kwamfuta na da rai, aiki bai tsaya ba. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina daga Disamba zuwa Fabrairu, ga zafin Maris da Afrilu da ke sa gilashin ya ɗumama a ƙarƙashin hannu mai gumi. Ga kuma zirga-zirga: mai zane a nan ba a ofis yake wuni ba, yana bayan ɗan zem, wato ɗan acaɓa, daga Albarika zuwa kasuwar Arzeke, daga can zuwa maɗaba'a, jaka a baya. Marar gilashi faranti ne na roba, ya sha gwara ya tashi. Mai gilashi ya tsage sau ɗaya, babu mai gyaransa a yankin Borgou ko Donga da zai samo maka irin gilashin, sai dai a jingine shi a bango.

Akwai wani abin da ba a cika faɗa ba. Launin da mai gilashi mai arha yake nunawa ba lallai ya zo daidai da na kwamfutarka ba, kuma dukansu biyu ba su ne abin da injin ɗab'i zai fitar ba, domin fuska da haske take haɗa launi, inji kuwa da tawada huɗu. Sabon mai zane da ke fama da fuska ɗaya bai gama gane dalilin da ya sa shuɗinsa ke fita kamar shunayya a takarda ba, in an ba shi biyu sai ruɗun ya ninku.

Ban ce mai gilashi ba shi da daɗi ba. Yana da shi, musamman ga mai zanen fuskoki da siraran layuka, domin ido da hannu suna wuri guda. Amma babu telan da ya fara da injin surfani na kwamfuta. Da keken ƙafa ake farawa, a koyi miƙe ɗinki, a tara masu kawo aiki, sannan aikin da kansa ya sayi babban injin. Ƙwararru da yawa a duniya ma sun zauna a kan marar gilashi da gangan, saboda mutum yana zama a miƙe yana kallon gabansa, hannunsa bai rufe masa zanen ba, wuyansa bai sunkuya wuni guda ba.

Sai lambobin da ake bugawa a jikin kwali da manyan haruffa. Za ka ga 2048, 4096, 8192, har 16384 a sababbin samfura. Wannan adadin matakan dannawa ne da alƙalamin ke iya bambantawa daga shafa zuwa danna ƙarfi. Ɗan kasuwa zai nuna maka babbar lamba ya ce wannan ya ninka wancan sau huɗu. Hannun ɗan Adam ba ya rarrabe dubban matakai, kuma an zana manyan ayyuka da alluna masu 1024 shekaru da suka wuce. Abin da za ka ji a hannu shi ne ko alƙalamin yana amsawa da ka ɗan shafa shi, ko sai ka danna kafin layi ya fito, da kuma ko layin yana ƙaruwa a hankali daga siriri zuwa kauri ba tare da tsalle ba. Wannan ba a rubuta shi a kwali.

Girma ya fi waɗannan lambobi muhimmanci, kuma girman wurin zane ake nufi, ban da gefen roba. Ƙananan alluna wurin zanensu ya yi kusan takardar A6, matsakaita kuma kusan A5 ko sama kaɗan. One by Wacom ƙarami yana da santimita 15 da 9 da rabi, matakai 2048, babu maɓalli a jikinsa. Wacom Intuos ƙarami girmansu ɗaya, da matakai 4096 da maɓallai 4. Huion H640P yana da santimita 16 da 10 da maɓallai 6. H950P ya kai 22 da 14. XP-Pen Deco 01 V2 ya kai 25 da 16, da maɓallai 8. Ga mai kwamfutar inci 14 ko 15 da ke gyaran hoto kawai, ƙarami ya wadatar, kuma yana shiga jaka ɗaya da kwamfutar. Ga mai son zane da rubutun hannu, ƙarami yana takura shi ga motsin yatsu, layi ya riƙa rawa. Matsakaici yana ba damtse damar ja. Sau da yawa kuɗin ƙaramin Wacom shi ne kuɗin matsakaicin Huion ko XP-Pen, kuma in ni aka tambaya, ga mai farawa da zane a ransa, matsakaicin zan nuna. Wacom yana da ƙarko, alƙalaminsa yana da daɗin hannu, ba na musun wannan. Amma filin zane shi ne abin da za ka ji rashinsa kullum.

Yanzu bari in daɗe a kan abin da masu bidiyon Turai ba za su taɓa gaya maka ba, domin su in abu ya lalace mayarwa suke a aiko musu da wani. Djougou ta san doguwar hanyar kaya tun zamanin da fatake ke tasowa daga Kano su yada zango a nan kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro, kuma unguwannin Zongo na garuruwan nan daga wannan fatauci suka samo asali. Yau ma kayan daga nesa suke zuwa, sai dai ta kudu: daga Shenzhen zuwa Kwatano ko Legas, daga Kwatano fiye da kilomita 400 zuwa Parakou, daga Parakou kuma kimanin 130 zuwa Djougou. Wasu sukan ba da saƙo a sayo musu a Computer Village ta Ikeja, ko Farm Centre ta Kano, a shigo da shi ta Nikki. Takardar garanti ba ta bin wannan hanya ta koma. Duk abin da ya same ka bayan saye, kai da aljihunka ne. Don haka tambayar da ta fi "wanne ya fi kyau" ita ce: in wani abu ya lalace, me zan yi?

Abu uku ne ke mutuwa. Na farko bakin alƙalami, ɗan tsinken roba da ke gogar allon. Yana cinyewa, kuma ƙura tana sa ya ci da sauri ya kuma karce fuskar allon. Sababbin alluna suna zuwa da na canji a cikin kwali, na Wacom kaɗan, na kamfanonin Sin sukan fi yawa. Ka ƙirga su a gaban mai shago, ka adana su a kwalbar da ba za ta ɓata ba, ka kuma saba goge allon da ƙyalle mai laushi kafin ka fara aiki. Na biyu kebul da kafarsa. Tsofaffin samfura suna da ƙaramar kafa irin ta tsofaffin wayoyin Android, wadda ke saurin sakwarkwacewa. Mai USB-C ya fi, kuma ko wanne ne, ka tabbata kebul ɗin ana cire shi, domin irinsa yana nan a kowace rumfar masu waya. Wanda kebul ɗinsa a manne yake da allon, ranar da ya tsinke allon ya tafi da shi. Na uku shi ne alƙalamin kansa, kuma shi ne babba. Alƙalamin Huion ba ya aiki a kan Wacom, na XP-Pen ba ya aiki a kan Huion, har a cikin kamfani guda ba kowanne ke shiga kowanne ba. Ya faɗi a siminti ta baki, ko ƙaramin yaro ya tauna shi, allon ya zama faranti. Sabon alƙalami kuma yakan ci kaso mai tsoka na kuɗin allon gaba ɗaya, ga jiran isowarsa. Saboda haka ka sayi samfurin da ya yaɗu, wanda mutane da yawa ke da shi, ka guji sunan da ba ka taɓa ji ba komai arharsa. In na hannu za ka saya kuma aka ce "alƙalamin ne kawai babu, za ka samu a kasuwa", ka yi sallama ka tafi.

Idan saƙo za ka bayar, ka tura hoto da cikakkiyar lambar samfurin ta WhatsApp. Da baki kawai, akwai yiwuwar a kawo maka babbar wayar nan ta kallon fim da alƙalamin roba, wanda ba ya jin dannawa ko kaɗan.

In kuwa a shago ne, gani ya kori ji. Tafi da kwamfutarka. Tun a gida ka sauke manhajar da ke haɗa allon da kwamfuta, wadda masu sana'a ke kira direba, daga shafin kamfanin kansa, ka duba cewa tana tafiya da irin Windows ɗin da kake da shi. In akwai direban wani kamfanin allo a kwamfutar, cire shi tukuna, domin biyu ba sa zama lafiya. Ka roƙi mai shago da ladabi: "Alhaji, a ba ni minti goma in gwada, in ya yi yanzu zan biya." Ka buɗe farin shafi. Ja layi daga shafa zuwa danna, ka ga ko ya tashi daga gashi zuwa kauri a hankali. Ɗora rula a kan allon a karkace, ka ja layi sannu sannu a jikinta: in ya fito yana lanƙwasa alhali rular a miƙe take, allon yana da matsala. Kai alƙalamin kusurwa huɗu ka ga ko kibiya ta isa kowacce. Zana da'ira. In ta fito da siffar ƙwai, wannan ba lalacewa ba ce, saitin daidaita tsawo da faɗin allon da na fuskar kwamfuta ne, ana gyara shi a cikin direba. Girgiza kebul a bakin kafa ka ga ko yana yankewa. Danna kowane maɓalli. Bahago ya tambayi inda ake juya allon, domin yawancinsu suna juyuwa. Mai shagon da ya hana ka wannan gwaji, ka nemi wani.

Wanda waya kawai yake da ita fa? Da yawa daga alluna na yanzu suna haɗuwa da wayar Android ta ɗan mahaɗin OTG, a yi zane a manhaja irin ibisPaint. Yana yiwuwa, kuma na ga ayyuka masu kyau da aka yi haka. Sai dai a wasu wayoyin kibiya ba ta bayyana, a wasu kuma sashen allon kawai ke aiki. A gwada da wayar kafin a biya.

Batun manhaja gajere ne. Krita kyauta ce, halal, tana da Faransanci, an gina ta ne domin zane da alƙalami, kuma tana iya aiki da launukan ɗab'i. Inkscape na nan don tambari, GIMP don hoto. Photoshop tun 2013 ya koma biyan kuɗi wata-wata, kuma kwafin sata da ake zuba wa mutane a kwamfuta yakan zo da cutar da za ta cinye aikin shekara. In maɗaba'arka CorelDRAW ta sani, ka yi zanenka a inda ka ga dama ka kai musu PDF.

Abin da ya fi kashe allunan zane a garuruwanmu, a ganina, shi ne makon farko. Ido yana kallon gaba, hannu yana ƙasa, kai bai saba ba. Ɗiyar ƙanwata a Djougou, mai zanen lalle ce da amare ke layi a ƙofarta, hannunta ba ya rawa a kan fata. Da ta samu allo, ba a jima ba ta kira ni: "Kawu, abin nan ya ƙi ni. Ko sunana na kasa rubutawa, sai ka ce ban taɓa riƙe alƙalami ba." Na ce mata, "Ɗiyata, ɓoye linzamin a akwati. Komai za ki yi a kwamfutar, ko buɗe fayil ne, da alƙalamin za ki yi. Kullum bayan sallar asuba ki cika shafi da layuka da da'irori kafin ki taɓa aikin kowa." Haka ta yi. Yanzu furannin da take zanawa a hannun amarya su ne a gefen katin auren, kuma amaren suna biyan kuɗin katin daban. Wanda ya ajiye allo a kwana na uku ya ce ai da mai gilashi ne da ya iya, bai ba hannunsa lokaci ba ne.

Wannan ya kawo ni ga dalilin da ya sa na damu da maganar har na ba ta shafi guda. Ku dubi katunan da ke yawo a bukukuwanmu. Fure iri ɗaya, zobe iri ɗaya, zinariyar gefe iri ɗaya, duk an kwaso daga intanet, katin Parakou ba shi da bambanci da na Dubai ko Jakarta. Alhali muna da aska takwas da ke ƙirjin babbar riga, muna da dagi, muna da zayyanar da malamai ke yi wa allon sauka, da adon sirdi da linzamin dawakan da ke fita Gani a Nikki, da zanen ƙwarya da na lalle. Ba za ka same su a cikin samfuran Canva yadda muke yin su ba. Sai an zana. Haka haruffanmu. Yawancin kyawawan haruffan ado da ake saukewa ba su da ƙ da ɗ da ɓ na Hausa, ba su da ɛ da ɔ da ŋ da ake rubuta Dendi da Baatonum da Yom da su. Shi ya sa za ka ga an buga wa mutum sunan shagonsa da harafi guda ya fita daban kamar baƙo, ko a cire ƙugiyar gaba ɗaya ma'ana ta sauya. Mai alƙalami yana zana harafin da hannunsa ya zauna daidai da 'yan'uwansa. Yana rubuta ajami da salon da dattijo zai gani ya gane rubutun gida ne. A yanzu da kowa ke iya umartar manhaja ta ƙirƙiro masa hoto cikin daƙiƙa, abin da zai sa a nemo mai zane a biya shi shi ne abin da injin bai sani ba, kuma injin bai san mu sosai ba. Allon sefa 40,000 yana yin wannan aiki daidai da na 400,000.

Ga iyaye da yayye da ake zuwa wurinsu neman gudummawa, roƙona shi ne kada ku kori yaron da cewa wasa ne, domin sana'a ce da ke ciyar da gidaje a Parakou da Djougou. Kada kuma ku ci bashi ko ku ɗauki adashi don mai gilashi saboda ya nuna muku bidiyo. Ku ce ya kawo muku zanen da ya yi a takarda da biro. In akwai littafi cike, ku saya masa matsakaicin allo marar gilashi, ku tabbata an gwada shi a gabansa, ragowar kuɗin ku sa a gyaran kwamfutarsa da datar koyo. In babu ko shafi ɗaya, ku saya masa littafin zane da fensir, ku ce ya dawo bayan wata uku.